Ranar da Darakta Ya Rufe Koke-koken Duniya

Duk wanda bai taɓa jin takun Darakta a barandar makarantarsa ba, to bai san sautin mulki ba. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Takalmi ne mai ƙarfe a dunduniya, shi ya sa aka buga masa musamman, domin a cewarsa shugaba nagari shi ne wanda ake jin zuwansa kafin a gan shi. Da sautin ya doso, malamai su ɓoye wayoyi, yara su haɗiye dariya. Har fankar ofishin malamai, wadda ta daina juyawa tun bara, an ce takan ɗan motsa don girmamawa.

Mutum ne mai ilimi, kada ma a yi musu. Takardun yabo sun rufe bangon ofishinsa har ba a ganin fenti, ciki har da ta halartar wani taro da ya isa bayan an tashi. A aljihun gabansa biro uku ne: shuɗi na aron baƙi, ja na tsorata malamai, kore nasa shi kaɗai. Da koren nan yake rubuta kalmomin da ya fi ƙauna a duniya: "An gama." Fayil ya zo teburinsa, ya karanta ko bai karanta ba, an gama. Malamai a bayan idonsa Koren Biro suke ce masa. Mutum ɗaya ce ke da wani suna da take kiran sa da shi a gaban idonsa, wato yayarsa, wadda ita ce mataimakiyarsa a makarantar, ita ce kuma ta goya shi. Ita har gobe Auta take ce masa, ko da kwat ne a jikinsa.

Abin alfaharin makarantar nan shi ne jadawalin darussa: wane malami, wane aji, wane lokaci. A da Yaya ce ke haɗa shi da fensir da magogi, tana yi tana tsaki, hutun zango ya ƙare mata a kan tebur. Sai malamin lissafi ya samo wata manhaja a intanet. A zuba mata sunayen malamai da azuzuwa, kafin a kurɓi shayi ta fito da jadawali tsaf.

Manhajar irin wadda ake kira buɗaɗɗiya ce. Mai ita ta bar ƙofa a buɗe: kowa ya ɗauka kyauta, kowa ya leƙa cikinta, wanda ya iya ya gyara. Wata mata ce ta rubuta ta, ma'aikaciyar ɗakin gwajin jini a wani asibiti, don ta rage wa mahaifiyarta wahala a wata 'yar makaranta da take shugabanta. Daga nan abu ya bazu. Ita ke kula da ita in ta tashi daga aiki. Ba wanda ya ɗauke ta, ba wanda ke biyan ta. Akwai shafi guda da masu amfani da manhajar ke kai koke. In ka rubuta, kokenka ya zauna a buɗe. In an gyara, a rufe shi.

Darakta bai taɓa tambayar inda manhajar ta fito ba. Wanda ya tarar da rijiya a tsakar gida ba ya cigiyar mahaƙi. Abin da dai ya sanar a taron iyaye shi ne:

"Mun ƙulla yarjejeniya da wani hamshaƙin kamfanin fasaha. Ba kowace makaranta suke karɓa ba. Sai da suka duba tarihina."

Aka yi tafi. Malamin lissafi ya dubi silin. Yaya ta yi tari.

Ana nan, arziki ya ƙaru. Darakta ya sayi gidan da ke tsallaken titi ya mai da shi azuzuwa. Ya sayi wani makeken allon talabijin ya kafe a zauren taro. Ya aika wa kwamitin iyaye goron gayyata: ranar buɗe sabon zango su zo su ga jadawalin gine-gine biyu yana haskawa a bango, su san inda suka kawo 'ya'yansu. Mutuncinsa kaf ya rataya a jikin wannan allo.

Sai manhaja ta yi tuntuɓe. Ba a taɓa zuba mata gine-gine biyu ba. Da aka zuba, sai ta sa malamin lissafi a aji uku na wannan gini, ta kuma sa shi a aji biyar na tsallaken titi, a lokaci ɗaya. Aka sake, ta sake. Malamin lissafi ya kawo rahoto, ya ce bari ya rubuta wa matar cikin ladabi. Darakta ya ɗaga hannu. Magana da kamfani aikin manya ne.

Ya ja kujera, ya gyara tabarau, ya ɗaga ɗan yatsa ɗaya, domin da shi kaɗai yake buga kwamfuta. Ya danne madannin manyan baƙaƙe bai ƙara sakin sa ba. Yana bugawa yana karantawa da ƙarfi, don ofishin malamai ma ya amfana:

"Zuwa ga Manajan Kamfani. Kayanku sun lalace. Wannan sakaci ne, ganganci ne, cin amanar abokin hulɗa ne. Ni ba ƙaramin mutum ba ne. Ina ba ku umarni ku gyara nan take, ku kuma aiko da bayanin dalilin da zai hana in ɗauki mataki."

Ba sallama, ba bayanin abin da ya lalace. Babban mutum ba ya faɗin inda ke masa ciwo, likita ne zai gane.

Washegari amsa ta zo. Matar ta gaishe shi, ta gode da ya sanar da ita. Ta roƙe shi ya turo kwafin fayil ɗin jadawalin, ya goge sunayen mutane, don ta ga matsalar da idonta. Ta ƙara da cewa ya yi mata uzuri in ta yi jinkiri, kwanan nan ta haihu, da hannu ɗaya take rubutu.

Darakta ya miƙe tsaye, don wannan magana ta fi ƙarfin zaune.

"In ba ta fayil? Sirrin makarantata? Ita ta ɓata, ni zan yi mata bincike? Haihuwa kuma! Yo a kamfanin babu mai riƙon ƙwarya?"

"Ranka ya daɗe," in ji malamin lissafi, "ba kamfani ba ne fa. Ita kaɗai ce."

"To a ƙara mata ma'aikata mana! Ni zan koya musu tsarin aiki?"

Daga ranar, Darakta ya samu sabuwar ibada. Da safe kafin ya cire kwat ya rataye, ya rubuta a ƙarƙashin kokensa: "Ina aka kwana?" Da yamma kafin direba ya tayar da mota: "Har yanzu shiru." Ya nemi a haɗa shi da shugabanta. Ta ce ba ta da shugaba sai jaririn da ke cinyarta. Ya ce wannan rashin ɗa'a ne ga babban abokin ciniki. Ta sake roƙon fayil. Ya ce ba ya maimaita magana. Daga ƙarshe ya zaro babban makami, ya kuma kira Yaya ta zo ta shaida:

"Idan ba a gyara kafin buɗe makaranta ba, za mu janye hulɗarmu da ku baki ɗaya. Ku kuka da kanku."

Yaya ta leƙa ta saman tabarau.

"Auta, me za ka janye? Hannun da ka miƙa ka karɓa?"

"Yaya, a ofis muke."

"A ofis ɗin nake tambaya."

Ya danna aikawa da ƙarfin da sai da kofin shayi ya yi ƙara.

Amsar da ta biyo baya, har yau malamai na gardama a kanta. Wasu sun ce gajiya ce ta sa matar ta rubuta, wasu sun ce wayo ne. Ta ce ta lura duk cikin masu amfani da manhajar ba wanda ya kai shi leƙa shafin, safe da yamma. Ita kuwa tana neman mai taya ta tace koke-koke: ya karanta, ya tambayi mai koke ƙarin bayani, ya haɗa masu kama da juna, ya rufe wanda aka riga aka gyara. In yana so, za ta sa shi cikin masu kula.

Masu kula. Darakta ya karanta kalmomin nan, ya sake karantawa, ya jingina da kujera. Fuskarsa ta washe kamar an kunna fitila. Nan take ya sa aka buga ƙararrawar taron gaggawa.

"Malamai, na sha gaya muku, zinariya ko a kwata take sai an tsince ta. Kamfanin nan, bayan ya ga irin jajircewata, ya durƙusa ya roƙe ni in karɓi ragamar shugabanci. Na so in ƙi, saboda tawali'u. Amma al'umma na bukata ta. Daga yau, a gaban sunana za a ƙara: Mai Kula na Ƙasa da Ƙasa."

Aka yi tafi, irin tafin da ake yi in ranar albashi ta matso. Aka buga sabon katin suna. Aka kira mai fenti ya ƙara layi a allon ƙofar ofis, har sai da ya matse haruffan ƙarshe suka hau kan juna. Aka ɗauki sabon hoto, kwat da koren biro a aljihu, aka ɗora a shafin. Matar ta turo masa ɗan bayani kan yadda ake aikin. Ya sa aka buga a takarda, ya rattaba mata "An gama" a kusurwa, ya sa a fayil.

Ran nan da hantsi, ya tura malamin lissafi tsallaken titi ya kula da masu jigilar bencina, shi kuma ya zauna kama aiki. Ya buɗe shafin. Koke-koke jere reras, a buɗe, wasu tun shekarun baya. Wani na son a ƙara launi, wani na cewa firintarsa na yanke gefe, wata na tambayar yadda ake sa hutun rabin rana. Wasu ma da harsunan da bai san ko daga dama ake karanta su ko daga hagu ba.

"Inna lillahi! Wannan ai lalaci ne. Fayil ya shekara a kan tebur? A ofishina?"

Sai idonsa ya faɗa kan wani ɗan madanni a ƙasan kowane koke: rufe. Ya taɓa. Ƙit. Koke ya ɓace daga layi. Jama'a, tun da aka ƙirƙiri biro Darakta bai ga abin da ya yi masa daɗi haka ba. Ya rubuta "An gama." Ƙit. "An gama." Ƙit. Ɗan yatsa ɗaya, amma ranar ya yi aikin goma. Bai karanta ko ɗaya ba, kuma a nan ne adalcinsa ya fito fili, don bai bambanta na gida da na dawa ba. Kokensa na gine-gine biyu yana cikin layin. Shi ma ya sha "An gama," ƙit, ya bi 'yan uwansa, mai shi bai ko lura ba.

Kafin rana ta take, shafi ya yi fes kamar an share tsakar gida. Ya kira Yaya.

"Dubi nan. Abin da ya gagare su shekaru, na gama kafin shayina ya huce. Shugabanci baiwa ne."

"Gyara su ka yi?"

"Rufe su na yi."

"To," in ji Yaya. Ta fita.

Abin da ke cikin takardar da bai karanta ba shi ne, duk koken da aka rufe sai an sanar da mai shi, duk amsar da mai shi ya bayar kuma sai ta sauka a wayar wanda ya rufe. Tun a mota waya ta fara. Zzzt. Zzzt. A teburin cin abinci ta riƙa tafiya da kanta har ta kusa faɗawa cikin miya.

"Wa ya gaya maka an gama?"

"Malam, ka ma karanta kuwa?"

"Kai wane ne? Ina matar da muka sani?"

"Firintata har yanzu tana yanke gefe. Ina aka kwana?"

Sai wani ya rubuto da manyan baƙaƙe tun daga farko har ƙarshe, shi ma darakta ne a wata makaranta, ko a ina take oho. Ya ce shi ba ƙaramin mutum ba ne, a haɗa shi da shugaban wannan sabon ma'aikaci, in ba haka ba zai janye hulɗarsa.

Darakta ya ajiye cokali. Ya dubi matarsa da idon wanda aka zalunta.

"Kin ga mutanen duniya? Ko gaisuwa babu! Abu kyauta, ba su san wahalar da na sha ba, sai umarni kamar su suka ɗauke ni aiki. Wannan mai manyan baƙaƙen, wa ya yi masa tarbiyya?"

Wanzami dai ba ya son jarfa. Matarsa ta ɗauki wayar ta tura ƙarƙashin matashin kujera, ta ce a ci abinci. Da safe ya sa direba ya kashe masa sanarwar shafin gaba ɗaya. Waya ta yi shiru. Nan ma an gama.

Ita kuwa mai manhaja, tun da ta haihu ta kashe tata sanarwar, layin buɗaɗɗun koke kawai take dubawa in jariri ya yi barci. A ranar ta buɗe shafin da niyyar ta zauna kan matsalar gine-gine biyu, ko da fayil ko babu, don ta san makarantu sun kusa komawa. Ta tarar layi wayam. Ta nemo koken, ta ga mai shi da kansa ya rufe, ya ce an gama. Ta ɗauka ya gano bakin zaren ne. Ta aika masa saƙo kai tsaye: madalla, tunda ya shawo kan matsalarsa, ita za ta ɗan ajiye kwamfuta ta huta, ta gode ƙwarai. Ta rufe kwamfuta, ta yi barcin da ta daɗe ba ta yi irinsa ba.

Darakta ya ga "madalla" a sama, ya ga "na gode" a ƙasa. Abin da ke tsakani na ƙananan ma'aikata ne. Da malamin lissafi ya zo ya ce jadawali fa har yanzu yana raba shi biyu, sai Darakta ya ce:

"Kamfani ya tabbatar mini a rubuce. Gyara irin na zamani ba ya nunawa sai ranar aiki. Kai lissafi ka karanta, ni kuwa mulki."

Yaya ta shigo da fensir da magogi, ta ce a bar ta ta haɗa na hannu, ko don ɓacin rana.

"Fensir? A makarantar Mai Kula na Ƙasa da Ƙasa? Yaya, kada ki ja mana abin faɗa."

Ta mayar da fensir cikin jaka. A bar kaza cikin gashinta.

Ranar buɗe makaranta zaure ya cika. Iyaye a sahun gaba, a tsakiyarsu shugaban kwamiti, wani tsohon alƙali mai karanta komai da ƙarfi, a hankali, har da lambar shafi. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, Darakta ya hau dandamali. Ya yi jawabi kan zamani, kan hangen nesa, kan yadda duniya ta zo har ƙofar ofishinsa neman shawara. Ya ɗaga ɗan yatsan nan mai tarihi, ya danna. Allo ya haska. Aka buga ƙararrawar darasin farko.

Tsohon alƙali ya gyara tabarau.

"Aji uku, lissafi. Aji biyar, lissafi. Lokaci ɗaya. Malami ɗaya." Ya juya. "Tagwaye ne?"

Daga tsallaken titi aka fara jiyo hayaniyar ajin da ba malami: bugun benci, ihu, wani yana kwaikwayon kukan akuya. Malamin lissafi ya tsaya a bakin ƙofar zaure, littafi a hammata.

"Ranka ya daɗe, ta tsakiya za a tsaga ni, ko ta gefe?"

Wani zai ji kunya. Darakta kuwa sai ya ga dama ce ta samu.

"Iyaye, ku kwantar da hankalinku. Sakacin kamfani ne, kuma yau zan tona musu asiri a gabanku. Na kai koke tun tuni. Bari ku gani da idonku irin mutanen da muke fama da su."

Ya buɗe shafin a kan makeken allo. Ya nemo kokensa. Haruffa suka fito kowanne kamar tafin hannu. Tsohon alƙali ya gyara murya, ya fara aikinsa.

"Zuwa ga Manajan Kamfani. Kayanku sun lalace." Ya bi layi layi. Ya karanta roƙon fayil, ya karanta zancen haihuwa, ya karanta "Ina aka kwana?" har ya gaji ya ce da sauransu. Wata uwa a sahu na biyu ta ce, "Mai jego? Kai, jama'a!" Sannan ya iso ƙasa. "An rufe wannan koke. Dalili: an gama. Wanda ya rufe..." Ya matsa kusa da allo. Ya dubi hoton, kwat da koren biro. Ya dubi dandamali. Ya sake duban hoton.

"Wannan mai sakacin, kamar na san shi."

Kukan akuyar tsallaken titi ya cika zaure. Darakta ya lalubi madannin kashe allo, ya danna na ƙara haske.

Yaya ta taso daga kujerarta ba gaggawa. Ta ce wa malamin lissafi ya tafi aji uku. Ta buɗe jaka, ta ɗauko alli guda, ta kama hannun ƙanenta ta danƙa masa a gaban kowa.

"Auta, aji biyar na jira. Ka kula da titi."

Ya sauka daga dandamali. Wannan karon a kan yatsun ƙafa ya taka, ba wanda ya ji fitarsa.

Iyaye suna fitowa daga zaure, tagogin aji biyar a buɗe suke, kuma murya tana tsallaka titi. Aka ji yara sun haɗa baki: "Ba haka ake yi ba! Malam, ba haka ba ne! Goge! Sake!" Sai aka ji muryar Mai Kula na Ƙasa da Ƙasa, ta yi laushi kamar an jiƙa ta:

"Haba, yara, ku bi ni a hankali mana. Taimako fa nake yi."